Abin da ya sa ciwon hantsa ke dawo wa shanu bayan magani

Makiyaya da dama sun san wannan matsala: a yi wa saniya maganin ciwon hantsa, kumburi ya sace, amma bayan 'yan makonni nono ya sake fitowa da gudaji.

Likitocin dabbobi sun ce sau da yawa ba sabon kamu ba ne. Ƙwayar cutar, musamman wadda ake kira Staphylococcus aureus, ɓuya ta yi.

Takan shiga ne ta ƙofar kan nono, wadda kan jima ba ta rufe ba bayan tatsa. Hannun mai tatsa ko injin tatsa ne ke ɗaukar ta daga wata saniya zuwa wata.

Da zarar ta shiga, sai ta manne wa ƙwayoyin halittar da ke samar da madara, ta sa su haɗiye ta. A can ciki garkuwar jiki ba ta cim mata sosai, haka ma magunguna irin su penisilin. In magani ya ƙare, sai ta fito ta ci gaba da ɓarna.

Saniyar za ta iya zama kamar lafiyarta ƙalau, alhali madararta na raguwa. Gwaji kan tona asiri: ƙwayoyin halitta fiye da 200,000 a mililita ɗaya na madara alama ce ta kamuwa.

Saboda haka masana suka fi ƙarfafa rigakafi: wanke hannu, tsoma kan nono cikin ruwan aidin bayan tatsa, da barin saniyar da ta kamu sai ƙarshe. Suna kuma shawartar jama'a da su tafasa madara kafin sha.