Amortisa ko resor: abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya kashe kuɗi kan ƙafafun motarsa

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar RN1 daga Yamai zuwa Dosso, Dogon Dutse, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 900, ya san mota ba ta ɓoye halinta. Da an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu a bakin gari, wata motar za ta lotsa sau ɗaya ta daidaita, wata kuma ta yi ta rawa kamar kwale-kwale a kogin Kwara. Irin wannan rawa ce ke kai masu motoci gareji, a can kuma su tarar da shawarwari barkatai: a sa amortisa mai gas, a ɗaga mota, a sauya resor, a sa manyan jant. Kowace shawara da kuɗinta, kuma ba kowace ce ke da amfani ga motar zuwa aiki da kasuwa da kai yara makaranta ba.

Yawancin motocin da ke yawo a biranenmu na hannu ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome. An ƙera su ne don kwalta mai santsi, kuma da dama sun iso da amortisan da aka fito da su daga masana'anta. Kamfanin Monroe, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera wannan kaya, na ba da shawarar a sauya amortisa bayan kimanin kilomita 80,000. Motar da ta iso da kilomita 150,000 a agogonta, sannan ta haɗu da gargada da yashi da zafin watan Afrilu da ke wuce maki 40, ba sai an faɗa ba, ƙafafunta sun gaji.

Kuskuren farko da ake yi shi ne rashin bambance aikin resor da na amortisa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sifirin da shokabzoba. Resor ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke tsaida tsawonta daga ƙasa. Amortisa kuwa aikinsa kwantar da tsallen resor, ta hanyar tilasta wa mai bi ta ƙananan kafofi a cikin bututu. Don haka motar da bayanta ya zauna ƙasa, sabon amortisa ba zai ɗaga ta ba, resor ɗinta ne ya saki. Motar da ke rawa bayan kowane rami kuma, ƙaƙƙarfan resor ba zai hana ta ba. Wanda bai san wannan ba yakan biya kuɗi sau biyu.

Maganar ba ta jin daɗin zama kaɗai ba ce. Idan amortisa ya mutu, taya kan riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba birki ba ya kama ta, sitiyari ma ba ya juya ta. Tazarar tsayawa na ƙaruwa, wanda ke iya zama bambanci tsakanin kauce wa ɗan kabu-kabu ko amalanke da kuma kaɗe shi.

Kafin a sayi komai, akwai binciken da mai mota zai iya yi da kansa. A ajiye motar a wuri mai daidai, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin motar da ke samanta, hagu da dama, gaba da baya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, a zargi resor. A leƙa jikin amortisa: danshi kaɗan ba komai ba ne, amma in mai na zuba ƙura ta daskare a kai, ya gama aiki. A shafa taya da hannu, in ta ci tudu da kwari, alamar tsalle ce. Ƙarar ƙwanƙwasa a kan gargada kuwa sau da yawa daga rotil take fitowa, ko daga robobin da ake kira silanbulok, waɗanda zafi ke busarwa su tsage. Waɗannan sun fi amortisa araha nesa ba kusa ba, kuma sauya su kaɗai kan dawo da mota hayyacinta.

In ta tabbata amortisa ne, sai a zo ga zaɓi. Akwai mai bututu biyu, wanda shi ne a kan yawancin ƙananan motoci, yana da laushi da sauƙin kuɗi. Akwai mai bututu ɗaya, wanda ya fi saurin fitar da zafi, amma ya fi tauri da tsada. Gas ɗin da ake magana a kai iskar naitirojin ce da ake matsawa ciki don hana man yin kumfa. A doguwar hanyar gargada, amortisa na yin zafi, man ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu, a nan ne mai gas ke nuna amfaninsa. Kamfanin KYB na Japan na da samfurin Excel-G mai bututu biyu da Gas-a-Just mai bututu ɗaya. Bilstein na Jamus na da B4 daidai da na masana'anta, da B6 mai ƙarin ƙarfi ga motar da ba a sauya tsawonta ba, da B8 wanda aka yi don motar da aka saukar ƙasa. Ga Corolla mai zirga-zirga cikin gari, irin Excel-G ko B4 ya wadatar. Wanda ke yawan bin hanyar Tawa zuwa Agadas ko hanyoyin karkara na jar ƙasa shi ne zai ci ribar mai bututu ɗaya.

Matasa da dama na sha'awar motocin da suke gani a TikTok da YouTube, waɗanda aka saukar har suna kusan shafar ƙasa. Resor ɗin saukar da mota kan rage santimita 3 zuwa 4, alhali tazarar Corolla da ƙasa ba ta wuce kimanin santimita 15 ba. A unguwar da ruwan damina ke yanke hanya, abin da zai biya kuɗin wannan ado shi ne kaskon man inji da salansa. Haka batun manyan jant yake. Taya mai lamba 195/65 R15 na da gefe mai tsawon kusan milimita 127, ita kuwa 215/45 R17 kusan milimita 97 ne. Wannan santimita 3 na roba da iska da aka rasa shi ne ke fara shanye bugun rami, in babu shi sai jant ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙullutu.

Ɗaga mota ma yana da iyaka. Ƙarin santimita 2 zuwa 3 da zoben da aka ƙera don wannan samfurin mota kan taimaka a cikin yashi. In an wuce haka, kardan na aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri, motar kuma ta ƙara tangaɗi a kwana. Cusa guntun tsohuwar taya tsakanin zagayen resor, ko yanke resor, ko gasa shi da wuta, duk dabaru ne da ke kai ga karyewarsa. Masu Hilux da Land Cruiser da ke ƙara lam a baya, ko su sayi kaya irin na Old Man Emu na Ostareliya, su tuna cewa resor ɗin da aka yi don kaya mai nauyi na dukan ƙugu in motar ba ta ɗauke da komai. A zaɓi wanda ya dace da nauyin kullum, ba na tafiyar salla sau biyu a shekara ba.

Nauyi kuwa shi ne abin da ba a son faɗa. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ke nuna iyakar abin da motar za ta ɗauka. Ga Corolla ƴar Amurka, bai cika kilo 400 ba, mutane da kaya gaba ɗaya. Manya biyar masu kilo 70 sun kai 350, in an ɗora buhun gero mai kilo 100 an riga an wuce. Ƙaƙƙarfan resor zai hana bayan motar zama, amma ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi.

A kasuwa, sai an yi hattara kada a yi wa rogo kallon kitse. Akwai kwali mai sunan babban kamfani da jabun kaya a ciki, akwai kuma tsohon amortisan da aka huda aka sake ɗura masa mai aka fesa fenti. Araha ba ta ado. Ƴan uwa mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka da ke aiko da kayan gyara gida su nemi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke kan katin mota kafin su saya, domin Corolla ta kasuwar Amurka da ta Turai, ko da shekararsu ɗaya, kayan ƙafafunsu kan bambanta.

A wurin ɗaurawa, a sauya biyu-biyu, na gaba tare ko na baya tare, a haɗa da robar kare ƙura da robar da ke saman amortisa, don yashi ne ke cinye bakin da ke riƙe mai. A bar ɗaure kusoshin silanbulok na ƙarshe sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin ƴan watanni. Daga gareji kuma a wuce kai tsaye wurin daidaita tayoyi, a duba iskarsu da safe kafin su yi zafi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofa. Mai motar da kuɗinsa ba su isa komai lokaci guda ba, ya fara da tayoyi da rotil da robobi, amortisa ya biyo baya, ado ya jira.