Tace Ruwan Jini da Na'ura: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan aka ɗebi jinin mutum a asibiti don a duba yawansa, akan zuba shi a 'yar siririyar kwalba a juya shi da na'ura. Da an gama sai jinin ya rabu gida biyu: ja mai kauri ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan na saman shi ne ruwan jini, wanda likitoci ke kira filasma. Ya kai kimanin kashi 55 cikin 100 na jinin da ke jiki, wato wajen lita 3 ke nan a jikin baligi mai jini lita 5. Galibinsa ruwa ne zalla, amma a cikinsa sinadaran garkuwar jiki suke yawo, da masu sa jini ya daskare idan an ji rauni, da wani muhimmin sinadari mai suna albumin.

Akwai cututtukan da abin da ke haddasa su yana narke ne a cikin wannan ruwa. Daga nan dabarar ta samo asali: a fitar da jini a hankali, a ware ruwan a zubar, a mayar wa mutum ƙwayoyin jininsa tare da wani ruwa mai tsabta. Yau ana yi wa marasa lafiya da yawa wannan aiki da safe su koma gida da rana. Magani ne na gaskiya da ya ceci rayuka, amma ana kuma tallata shi ga masu cututtukan da ba ya yi musu komai. Saboda haka ya kamata a san iyakarsa.

Idan garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya

Aikin garkuwar jiki shi ne gane baƙo, kamar ƙwayar cuta, ta ƙera sinadarin da zai manne masa a hallaka shi. Wani lokaci sai ta yi kuskure ta ɗauki wani sashe na jikin a matsayin abokin gaba. Idan sinadaran suka far wa mahaɗar da ke tsakanin jijiyar saƙo da tsoka, sai a sami cutar miyasteniya: fatar ido ta riƙa saukowa, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, tauna da haɗiya su yi wuya, musamman da yamma. Idan suka far wa jijiyoyin saƙo na ƙafafu da hannuwa, sai a sami cutar Guillain-Barré, wadda kan biyo bayan gudawa ko mura da mako ɗaya zuwa uku. Kasala kan faro daga ƙafa ta yi sama, har ta kan kai ga tsokar numfashi.

Magungunan da ke danne garkuwar jiki sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su kama. Wanda numfashinsa ke shirin tsayawa ba shi da wannan lokacin. Tace ruwan jini na rage yawan sinadaran cikin kwanaki.

Yadda ake yin aikin

Mai jinya kan kishingiɗa a gado ko kujera. Akan sa masa allura mai ɗan kauri a hannu ɗaya don jini ya fita, wata a ɗaya hannun don ya koma. Idan jijiyoyin hannu ƙanana ne, akan sa bututun roba a babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji. Na'urorin iri biyu ne. Wata tana juya jinin da gudu har ya rabu, wata kuma tana bi da shi ta cikin matata mai ƙofofin da ruwan ke iya ratsawa amma ƙwayoyin jini ba sa iyawa. Jinin da ke wajen jiki a kowane lokaci bai kai rabin lita ba, domin yana fita ne yana komawa.

Ruwan da aka cire akan maye gurbinsa da ruwan albumin, ko kuma da ruwan jinin da wasu suka ba da gudummawa, gwargwadon irin cutar. Zama ɗaya kan ɗauki awa 2 zuwa 3. Akwai kuma na'urorin da ke zaɓe: su kama abu guda kawai, kamar wani nau'in kitse ko sinadarin garkuwa, su mayar wa mutum sauran ruwan jininsa.

Dabarar ta daɗe. A 1914 John Abel da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka jarraba ta a kan karnuka. A 1975 likitoci a asibitin Hammersmith da ke Landan suka yi amfani da ita a kan cutar Goodpasture mai cin ƙoda da huhu, a 1976 kuma aka ba da rahoton amfaninta ga masu miyasteniya.

Me ya sa sau ɗaya ba ya isa?

Zama ɗaya kan kwashe kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na sinadarin da ake nema a cikin jini. Amma wajen rabin irin waɗannan sinadarai ba a cikin jijiyoyin jini suke ba, suna cikin naman jiki, kuma da an rage na jini sai su gangaro su cike gurbin. Shi ya sa ake ba da tazarar kwana ɗaya ko biyu sannan a sake. Ga mai Guillain-Barré, alal misali, akan yi kamar sau 5 cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata mai jinya da danginsa su riƙe shi ne, na'urar tana kwashe abin da jiki ya riga ya ƙera ne kawai, ba ta hana shi ƙera wani. Kamar ɗaki ne mai yoyo da damina: kwashe ruwan da ya taru zai ceci kaya, amma sai an gyara rufin ruwa zai daina zuba. Gyaran rufin a nan shi ne magungunan da ke lallashin garkuwar jiki, irin su firednisolon da makamantansa. Wanda ya ji sauƙi bayan tacewa ya ajiye maganinsa, yawanci ciwon kan dawo masa cikin 'yan makonni.

Cututtukan da aka tabbatar yana yi musu aiki

Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Amurka, ASFA, takan fitar da jagora duk bayan 'yan shekaru, inda take kasa cututtuka aji huɗu: waɗanda tacewar ce maganin farko, waɗanda ake komawa gare ta idan wani magani ya gaza, waɗanda ba a tabbatar da amfaninta ba, da waɗanda ba ta da amfani ko ma tana iya cutarwa.

A ajin farko babu kamar cutar da ake kira TTP, inda ƙananan gudajin jini ke toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya. A da, cikin mutum 10 da suka kamu, wajen 9 ne ke rasuwa. Wani babban bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 1991, ya tabbatar da fifikon musanya ruwan jini, kuma a yau 8 ko 9 cikin 10 ne ke rayuwa idan an fara da wuri. A wannan ajin ne kuma Guillain-Barré take, wadda aka fi samun nasara idan an fara cikin mako biyun farko, da miyasteniya idan ta yi tsanani, da cutar Goodpasture, da CIDP, wata 'yar'uwar Guillain-Barré mai daɗewa a jiki. Haka nan wasu nau'o'in sankarar jini da ke sa jini ya yi kauri har gani ya dushe.

Ana kuma amfani da ita idan jiki ya fara ƙin sabuwar ƙodar da aka dasa, da kuma wata cuta mai kumbura jijiyar ido da laka, wadda aka fi gani a baƙar fata da mutanen gabashin Asiya. Masu gadon kolestirol mai yawan gaske, wanda ƙwayoyi suka kasa saukarwa, su ma akan tace musu kitsen duk mako ɗaya ko biyu.

Inda bai yi aiki ba

Ba kowace cutar garkuwar jiki ce take jin wannan magani ba. Ciwon ƙoda da cutar lufus ke jawowa misali ne: an yi zaton zai taimaka, amma gwajin da aka wallafa a 1992 ya nuna ƙara shi a kan magungunan da aka saba bai ƙara komai ba. Haka sanyin gaɓoɓi mai karkatar da yatsu. Ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, ciwon baya, rashin haihuwa, babu ɗaya da tace ruwan jini ke warkarwa.

Duk da haka, a Amurka da Turai wasu asibitocin kuɗi na sayar da shi a matsayin hanyar rage tsufa ko fitar da dattin jiki. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a game da masu sayar da ruwan jinin matasa da sunan maganin tsufa da mantuwa. Bayan annobar korona, mutanen da gajiya ta ƙi sakinsu sun kashe dukiya mai yawa wajen tace jini a Jamus da Sayifurus, amma nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023 bai sami ingantaccen gwajin da ya nuna amfanin hakan ba. Mutumin da ciwo ya daɗe da shi yana da saurin amincewa da duk wanda ya yi masa alkawarin sauƙi, kuma cin dukiyarsa ta wannan hanya zalunci ne.

Wa zai iya zuwa ya koma gida a ranar?

Wanda ciwonsa ya lafa, ake yi masa tacewar lokaci-lokaci don kada ya tashi, shi ne ke zuwa ya koma gida: masu CIDP, wasu masu miyasteniya, da masu gadon kolestirol. Amma mai TTP, ko mai Guillain-Barré da kasalarsa ke ƙaruwa, ko mai miyasteniyar da haɗiya da numfashi suka fara gagara, sai an kwantar da shi inda akwai na'urar taimakon numfashi.

Mai zuwa daga gida ya ci abinci ya sha ruwa sosai kafin ya fito, ya zo da wanda zai raka shi, kada ya tuƙa mota ko babur bayan an gama. Ya kawo duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Wasu magungunan hawan jini, irin su lisinofiril da kaftofiril, likita kan ce a dakatar da su kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, domin suna iya sa jini ya faɗi farat ɗaya. Wasu allurai masu tsada kuma sai an gama ake yinsu, don kada na'urar ta kwashe su.

Matsalolin da kan iya faruwa

Wadda aka fi gani ita ce jin zir-zir a leɓe da yatsu, ko murɗewar tsoka. Sinadarin da ake sa wa jini don kada ya daskare a cikin na'ura ne ke rage kalsiyam na ɗan lokaci. Da an gaya wa nas za ta rage gudun na'urar ko ta ƙara kalsiyam. Akwai jiri, jin sanyi, da gajiya ta yini guda. Ruwan jinin wani na iya sa ƙaiƙayi da borin jini, kuma dole ne a tabbatar an tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta. Da yake ana kwashe masu daskarar da jini tare da masu cutarwa, zubar jini kan yi wuyar tsayawa na kwana ɗaya zuwa uku. Bututun wuya kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta: zazzaɓi, ja ko mugunya a wurin, a koma asibiti nan take, kada a ce maleriya ce a sayi magani a kyamis.

Abubuwan da ake rikita shi da su

Wankin ƙoda daban ne. Shi yana fitar da ƙananan abubuwan da ƙoda ta kasa fitarwa da ruwan da ya yi yawa, ba ya taɓa sinadaran garkuwa. Masu sikila kuma, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, irin wannan na'ura ce ake musanya musu jini da ita don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, amma jajayen ƙwayoyin ake canjawa, ba ruwan ba. Ƙaho ma ba ya maye gurbin wannan aiki, domin jinin da wanzami ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai, ba zai rage sinadaran da ke cin jijiya ba. Yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam kuwa, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin Guillain-Barré da shan-inna suna kama da juna a farko.

Kafin a biya kuɗi

Aikin na da tsada, domin bututan na'urar sau ɗaya ake amfani da su, albumin kuma ba shi da araha. Ko a cikin ƙasa za a yi, ko an tura ku Masar ko Indiya, ku yi waɗannan tambayoyi: Mene ne sunan cutar, kuma wane gwaji ne ya tabbatar da ita? Wane abu ake son cirewa daga jinin? Sau nawa za a yi, kuma nawa ne jimillar kuɗin? Wane magani za a ci gaba da sha bayan haka? Akwai wata hanyar? Ga Guillain-Barré, misali, ƙarin ruwan sinadaran garkuwa da ake kira IVIG yana aiki daidai da tacewa, kuma ba ya bukatar na'ura.

Likitan jijiyoyi, ko na jini, ko na ƙoda da ya san aikinsa zai amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya ce zai wanke muku jini daga dukkan cututtuka, amma ya kasa faɗin sunan cutar da abin da zai cire, ku riƙe kuɗinku ku nemi ra'ayin wani likita a asibitin koyarwa mafi kusa.