Nasiha Ga Mai Sayen Na'urar Nuna Hanya A Kan Ruwa

Ku sani na'urar hannun nan da ake kira GPS tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1978. Sai ta ji huɗu daga cikinsu kana ta tabbatar wa mai jirgi inda yake.

Wanda zai saye ta domin yawon shaƙatawa a ruwa, lalle ya duba abu uku: ta jure nutsewar mita 1 har minti 30, alamar wannan ita ce IPX7, ta taso in ta faɗa ruwa, batirinta ya zama na sauyawa. Amma fa ba ta ganin kututture. Kada ta raba mutum da idonsa, ko da rigar ceto. Allah Ya kiyaye mu. Wassalamu.