Kafin a Huda Bango: Yadda Ake Kafa Kantar da Ba Za Ta Zubo Ba

Duk wanda ya taɓa zaman haya a ciki da falo, a Kurna ta Kano ko Tudun Wada ta Kaduna, ya san yadda ɗaki ke cika tun kaya ba su gama shiga ba. Gado ya ci rabin wuri, kujera ta ci sauran, littattafan yara na cikin kwali a ƙarƙashin gado, tukwane kuma sun hau kan juna a lungu. Amma da an ɗaga kai sai a ga bango fayau, ba komai a jikinsa sai agogo da kalanda. Shi ya sa kantar bango ta samu karɓuwa a gidajen birni: falanki ɗaya ko biyu a kan ƙarfe, su kwashe kaya daga ƙasa su kai su sama.

Aikin ba ya cin rabin yini, kuma kayansa ba su da yawa. Sai dai sau da dama idan kanta ta zubo da tangaran ko tulin littattafai, in aka duba za a tarar katakon lafiyarsa lau, ƙarfen ma bai lanƙwashe ba. Ramin da ke cikin bango ne ya saki. Don haka mai son kanta ya kamata ya san bangonsa kafin ya je sayen katako.

Ajiye kaya a jikin bango tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Maginan gargajiya kan bar alkuki a cikin katangar ɗaki, inda ake ɗora fitila da ƙananan kaya. Mata kan rataya ragaya a jikin azara su sa ƙwaryar fura ko nono, nesa da ɓera da kyanwa. Jeren amarya kuwa, kafin zuwan kabad mai gilashi, a jikin bango ake yi wa tasoshi da kwanuka wurin zama. Bambancin da ke tsakanin jiya da yau shi ne, a da tun ana ɗora tubali ake tanadar wurin ajiya. Yanzu sai gini ya bushe, an yi filasta an shafa fenti, sannan mai ɗaki ya tuna yana bukatar kanta.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki ɗan ƙaramin roba ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda masu sayar da kayan gini ke kira fisha. Kafin samuwarsa, sai an fafe rami a bango an cusa guntun katako a ciki, sannan a buga ƙusa a jikin katakon. A 1911 wani injiniya a Landan, John Joseph Rawlings, ya shigar da takardar mallakar fasahar wani ɗan bututu na zare mai kama da rama, wanda ake zura wa sukuru. A 1958 kuma Artur Fischer na Jamus ya fito da na roba mai haƙora, irin wanda ya cika kasuwanni a yau. Yadda yake aiki shi ne, sukuru na shiga yana buɗa shi, haƙoransa na cizon gefen ramin, har ya kasance ba ya fita ba ya juyawa.

Har gobe akwai kafintocin da ke toshe rami da guntun katako ko tsinken ashana. A ranar farko yakan riƙe gam. Amma da hunturu ya shigo, katakon sai ya bushe ya tsuke, ramin ya yi masa yawa, kanta ta fara sunkuyar da kai.

Yawancin gidajen birni a yau da bulon siminti aka gina su, mai inci 9 a katangar waje, mai inci 6 a tsakanin ɗakuna. Bulo yana da tsawon kimanin santimita 45, kuma akwai manyan ramuka biyu a cikinsa. Ke nan a mafi yawan faɗin bango, bayan filasta da ɗan siririn jikin bulon, sai fanko. Wurare masu cika su ne gefe biyu na bulon da tsakiyarsa, waɗanda ke zuwa duk bayan santimita 22 ko 23. Da yake ana jera bulo a sarƙe, rabi bisa rabi, wuraren nan kan zo kusan a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ana gano su ta hanyar ƙwanƙwasa bango da ƙotar sukundireba: inda yake fanko yakan yi amo, inda yake cike kuwa sautin kan mutu. A nan ake son sukuru ya zauna.

Ingancin bulon ma abin lura ne. Wasu masu buga bulo kan yawaita yashi su rage siminti don buhu ɗaya ya ba su adadi mai yawa, kuma irin wannan bulo da an huda shi sai ya riƙa zubo da yashi, ramin ya faɗaɗa ya zarce girman fisha. Idan aka gamu da haka, akwai mafita biyu. Ko dai a cika ramin da kwaɓin siminti mai kyau a bar shi kwanaki ya bushe kafin a sake hudawa, ko kuma a kafa doguwar sandar katako ko ƙarfe a jikin bango da sukuru huɗu ko biyar, sannan a ɗora kantar a kanta, don nauyin ya rarrabu.

Ginin ƙasa kuwa nasa hukuncin daban ne. Fisha ba ya samun abin cizo a tubali da yaɓe. A nan gara a yi kanta mai ƙafafu wadda nauyinta ke sauka ƙasa, a ɗaure samanta a jikin azara don kada ta kife, ko a kira magini ya binne katako mai kauri a cikin katangar ya maida yaɓe.

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. A gidajen da aka binne wayar lantarki, bututunta yakan tashi ne a miƙe daga soket ko makunni zuwa sama, wani lokaci kuma ya bi a kwance tsakanin soket biyu. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana kai wajen bolt 220 zuwa 230, kuma ta isa kisa. Ba a huda bango daidai saman soket ko makunni, ko ƙasansu, ko a layin da ya haɗa su. Haka bututun ruwa a kicin da banɗaki, yakan bi saman famfo ko ƙasansa. Wanda ya sa injin huda ya ji ya ci karo da ƙarfe a linta ko ginshiƙi, rodi ya tarar, sai ya janye ya matsa gefe.

Sai zancen katako. A 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Dei-Dei a Abuja, da Kasuwar Katako a Yamai, za a tarar da iri-iri: maɗaci da loko masu nauyi da ƙarko, malaina mai sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, sai kuma allunan kamfani irin su MDF. Babban sharaɗin katakon itace shi ne ya bushe. Ɗanyen falanki yakan murɗe ko ya tsage cikin 'yan watanni a busasshiyar iskar arewa. MDF ba ya murɗewa, yana da santsi da kyan gani, amma ba ya shiri da ruwa: da laima ta shige shi ta gefe sai ya kumbura ya fara marmashewa, don haka bai dace da kusa da wurin wanke-wanke ba. Katakon da za a jingina da bangon da gara ke bi kuwa, a shafa masa magani tun kafin a kafa shi.

Abin da ke sa kanta ta yi ciki a tsakiya ba nauyi kaɗai ba ne, har da nisan da ke tsakanin matokaranta, wato ƙarafan nan masu kusurwa da ke riƙe ta daga ƙasa. Lissafin injiniyoyi ya nuna cewa idan aka ninka wannan tazara sau biyu, aka cika kantar da kaya iri ɗaya, lotsawarta kan ƙaru sau 16. Idan kuma aka ninka kaurin katakon sau biyu, lotsawar kan ragu sau 8. Shi ya sa allon MDF mai kaurin milimita 18 ake so a sa masa matokari duk bayan santimita 40 zuwa 50 in littattafai zai ɗauka, yayin da falankin maɗaci mai kaurin inci ɗaya kan jure tazarar da ta fi haka. Ƙarin matokari ɗaya a tsakiya ya fi arha a kan sabon katako.

Matokarin kansa yana aiki ne kamar bakin guduma wajen cire ƙusa: nauyin da ke bakin kanta yana danna ƙasan ƙarfen a jikin bango, yana kuma finciko sukurun sama waje. Saboda haka sukurun sama shi ne ya fi bukatar wuri mai ƙarfi, kuma iya faɗin kantar iya ƙarfin fincikar. Dogon hannun matokari shi ke kwanciya a bango, gajeren kuma ya tallafi aƙalla kashi uku cikin huɗu na faɗin katakon. Masu walda kan ƙara sanda a karkace tsakanin hannayen biyu idan kayan masu nauyi ne. Kantar zamani da ake ɓoye ƙarfenta a cikin katako tana da kyau a falo, amma ta hoto ce da kwalbar turare.

Ga yadda aikin ke tafiya. A sa alamar ramin farko da fensir, a huda, a kafa matokari ɗaya da sukurun sama kawai ba tare da an ɗaure shi tamau ba. Sai a ɗora katakon, a sa ma'aunin magina mai kumfa a kansa, a ɗaga ɗaya gefen har kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan a sa alamar matokari na biyu. Wanda ba shi da ma'aunin yana iya amfani da farin tiyo mai ruwa a ciki, domin ruwa a bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Auna tsayi daga daɓe ko daga silin yakan yaudari mutum, don su kansu ba kasafai suke miƙe ba.

Bakin injin huda ya zama daidai da girman fisha: mai milimita 8 ga fisha mai milimita 8, wanda shi ne ya dace da kantar littattafai ko kayan kicin, mai 6 kuma ga ƙananan kaya. A naɗa ɗan salatif a jikin bakin don a san inda zurfi ya isa. A bulo mai rami da kan tayil, a kashe bugun injin a bar shi yana juyawa kawai, don bugu kan fasa tayil ya kuma ɓarke cikin bulo. A fitar da ƙurar ramin tas kafin a tura fisha, a kuma tabbata sukuru ya fi fishan tsayi, yadda zai ratsa shi har ƙarshe. Daga nan a ɗaure katakon a jikin matokarai da gajerun sukuru daga ƙasa.

Kaya kan fi yadda ake zato nauyi. Littattafan da suka cika mita ɗaya na kanta kan kai kilo 20 zuwa 30, musamman manyan mujalladan tafsiri da hadisi. Jarkar manja mai lita 25 ta haura kilo 20, don haka ita da buhun shinkafa wurinsu ƙasa. Masu nauyi a sa su kusa da bango kuma daidai kan matokari. Magunguna, kalanzir da fiya-fiya su hau can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a kafa kanta mai kaya daidai kan gado ko inda jariri ke kwanciya.

Yara kan ɗauki kanta a matsayin tsani. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun yi ajalinsu, kuma shawarar da aka bai wa iyaye ita ce a ɗaure irin waɗannan kaya a jikin bango. Wannan ya shafi duk wata doguwar kanta mai ƙafafu ko kabad ɗin jere.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda, ya kuma toshe ramukan da siminti ranar tashi. Bayan damina ta farko da hunturun da ya biyo ta, a sauke kayan a girgiza kantar a gani. Idan sukuru ya yi sako-sako, a ƙara ɗaure shi. Idan kuwa fisha ya fara leƙowa daga bango, a bar wannan ramin, a huda sabo aƙalla santimita 5 daga gefensa, a sa fisha mafi girma.