Nauyin rufin soro: abin da azara ke iya ɗauka

Kowace damina akan ji labarin soron da ya rubza bisa masu barci. Sau da yawa ba ruwan sama kaɗai ke da laifi ba, rashin lissafi ne tun ranar gini.

Azara, ko gungume, ko ƙarfen da aka gitta bisa bango biyu, duk doka guda suke bi. In nauyi ya bazu daidai, kowane bango yana ɗaukar rabi. Wahala kuwa a tsakiya take taruwa: saman icen yana matsuwa, ƙasansa yana jawuwa. Shi ya sa tsagewa ke farawa daga ƙasa, shi ya sa kuma ake shimfiɗa sandunan ƙarfe ta ƙasa cikin zubin siminti.

Ga misali. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta cika ma'auni mai mita 1 ta kowane gefe tana kai wajen kilo 1.800. Rufi mai kaurin santimita 20 ke nan yana ɗora kilo 360 bisa kowane fili mai mita 1 tsawo da faɗi. In ɗaki yana da faɗin mita 3, an kuma jera gungume kowace mita, ko wanne yana ɗauke da kilo 1.080, wato kilo 540 bisa kowane bango. Mai ƙara yaɓe kowace shekara ba tare da kankare tsohon ba, kaya yake ƙara wa icen da ya riga ya gaji.

Injiniyan Faransa Navier ya tsara wannan lissafi cikin darussansa da aka buga a 1826. Abu biyu ya kamata a riƙe. Na fari, in aka ninka faɗin ɗaki sau 2, wahalar tsakiya tana ninkuwa sau 4, lotsawa kuwa sau 16. Na biyu, in aka ninka kaurin ice daga sama zuwa ƙasa sau 2, ƙarfinsa yana ninkuwa sau 4, lotsawarsa ta koma kashi 1 cikin 8. Don haka katako a tsaye ake aza shi, ba a kwance ba.

Magina na dauri sun san wannan ba da alƙalami ba. Ko da azarar giginya irin ta Dallol Mauri wajen Gaya, wadda gara ba ta cika ci ba, ba su gitta ta da nisa. In ana son zaure mai faɗi, sai su kafa ginshiƙi ko su yi bakan gizo.

Awo ba shi da wuya. A ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin ice, a duba tsakiya. Injiniyoyi kan so kada lotsawa ta wuce kashi 1 cikin 300 na tsawo, wato santimita 1 ga mita 3. In ta zarce haka tana kuma ƙaruwa, sai a tokare tsakiya, a fid da iyali, a gyara indararo, a kira magini tun hadari bai haɗo ba.