2.3 Kiɗan Tarabu a Zanzibar: Daga Fadar Sarki Zuwa Unguwannin Talakawa

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda kiɗan tarabu ya samo asali a tsibirin Zanzibar, da kuma yadda ya fita daga hannun sarakuna ya koma hannun jama'a. Ana yawan ɗaukar wannan kiɗa a matsayin kiɗan Larabawa kawai. Wannan nazari bai gamsu da hakan ba, kuma za a kawo dalilai a gaba. Amma kafin nan, ya kamata a fara duba yanayin cinikin da ya tara baƙi a wannan tsibiri.

2.3.1 Iska da Fatauci

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar ƙasar Tanzaniya, kuma manyan tsibiranta biyu ne, wato Unguja da Pemba. A da, iska biyu ke juya harkar fatauci a wannan yanki. Daga wajen watan Disamba zuwa Maris iskar da Suwahilawa ke kira kaskazi takan taso daga arewa maso gabas, ta koro jiragen katako na fataken Oman da Farisa da Indiya zuwa gaɓar Afirka. Daga watan Afrilu kuma sai iskar kusi ta juyo daga kudu ta mayar da su gida. Saboda haka, falken da ya iso dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya. A wannan zaman jira ne ake aure, ake koyon harshe, ake kuma jin kaɗe-kaɗen juna.

A shekarar 1698 Larabawan Oman suka ƙwace ganuwar Mombasa daga hannun Turawan Fotugal, sannan a wajen 1840 Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar. Arzikin wannan daula ya dogara ne a kan hauren giwa da bayi da kanumfari. (Abin lura a nan shi ne, kalmar kanumfari ta Hausa da karafuu ta Suwahili duk daga ƙaranful ta Larabci suka fito.) Bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar su ne suka noma gonakin kanumfari, kuma ba a rufe kasuwar bayi ta birnin ba sai a 1873.

2.3.2 Kiɗan Fada

Kalmar tarabu daga Larabci take, tana nufin irin shauƙin da kan kama mutum idan kiɗa ya ratsa shi. Ruwayar da ta fi shahara a Zanzibar ta nuna cewa Sarki Bargash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888, shi ne ya kawo makaɗa daga Masar, ya kuma tura wani mutum mai suna Muhammad Ibrahim zuwa Alƙahira domin ya koyo kiɗan kanun, wato wani faffaɗan akwati mai tsirkiyoyi da yawa da ake ɗorawa a cinya. Tare da shi akan kaɗa udu, wanda ya yi kama da garaya sai dai ya fi ta ƙaton ciki, da goge irin na Turawa, da sarewa, da bandiri. A wancan lokaci maza ne kaɗai ke yin kiɗan, da Larabci ake rera waƙoƙin, kuma sarki da fadawansa ake yi wa bayan cin abincin dare. A 1905 aka kafa ƙungiyar Ikhwani Safaa, wadda ta fitar da kiɗan daga fada, amma duk da haka ya ci gaba da zama na masu hali.

2.3.3 Siti binti Sa'ad

Wadda ta sauya alƙiblar wannan kiɗa mace ce 'yar talakawa. An haifi Siti binti Sa'ad a ƙauyen Fumba a wajen 1880, kuma sana'arta ta farko ita ce ginin tukwane da tallarsu. Ba ta yi karatu ba, da ka take haddace waƙa. Bayan ta koma birni sai ta zauna a Ng'ambo, unguwar da 'yantattun bayi da 'yan ƙwadago suka fi yawa, ta shiga cikin wasu makaɗa maza, ta riƙa rera tarabu da harshen Suwahili.

A shekarar 1928 kamfanin garmaho mai tambarin His Master's Voice ya kai ta Bombai tare da makaɗanta, aka ɗauki muryarta a faifai. Da faya-fayen suka iso, sai ya zama wanda ba zai taɓa taka ƙofar fada ba yana iya tsayawa a bakin shagon mai garmaho ya ji tarabu da harshensa. Bugu da ƙari, abin da take waƙa a kai ya bambanta da na fada. Takan ɗauki abin da ake zance a kansa a unguwa, kamar zaluncin ma'aikata da cin amanar aure da shari'ar da aka karkatar. Waƙarta mai suna Kijiti, alal misali, ta yi ta ne a kan wani mutum da ya kashe wata baƙuwa ya tsere, kotun Turawan mulkin mallaka kuma ta hukunta waɗanda suka ba da shaida. A ganin mai wannan nazari, a nan ne tarabu ya zama na Suwahilawa, domin kuwa kayan kiɗan na aro ne, amma harshen da damuwar da ke cikin waƙoƙin na mutanen Ng'ambo ne. Ta rasu a 1950, kuma marubucin nan Shaaban Robert ya rubuta tarihin rayuwarta.

Wani abin da zai ja hankalin mai nazarin Hausa shi ne salon da Suwahilawa ke kira mafumbo, wato sakaya zance, wanda ya yi daidai da habaici da gugar zana a waƙoƙinmu na baka. A wurin biki, mace takan tashi ta kai wa mawaƙi kuɗi daidai lokacin da ya zo kan baitin da ya dace da abokiyar gabarta, tana rangaji domin kowa ya gane da wa take. Ke nan liƙi a wurinsu hanya ce ta isar da saƙo ba tare da an kama suna ba.

2.3.4 Bayan Juyin Juya Hali

A ranar 12 ga Janairu, 1964 aka hamɓarar da sarautar Larabawa, kuma a watan Afrilu na wannan shekara Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Sabuwar gwamnati ta ƙyamaci abubuwa da dama da suka danganci tsohuwar sarauta, har aka sauya wa Ikhwani Safaa suna zuwa na unguwar Malindi. Sai dai ba ta kashe tarabu ba, ta ma jawo makaɗan ne suka riƙa yi wa jam'iyya mai mulki waƙa da Suwahili. Da a ce kiɗan yana nan a matsayinsa na zamanin Bargash, da wuya ya tsira a wancan lokaci.

A Mombasa kuwa tarabu ya fi karkata ga Indiya, inda makaɗa suka ɗauki gangar tabla da karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora musu baitocin Suwahili. A Zanzibar, tsohon salon Siti ya ci gaba a bakin Bi Kidude, wadda ta riƙa rera waƙoƙinta a gida da ƙasashen Turai har zuwa rasuwarta a 2013.