Tsibirin Pelee: Baƙi Suna Zuwa, 'Yan Gida Suna Ƙaura

Ƙidayar jama'ar da Kanada ta yi a 2021 ta tarar da mutum 230 ne kacal ke zaune dindindin a tsibirin Pelee, wanda ke cikin tafkin Erie a lardin Ontariyo. A 2016 su 235 ne, a 2011 kuwa har sun sauka zuwa 171. Amma wanda ya je tsibirin a watan Yuli ba zai yarda da wannan lissafi ba, domin a tsakiyar lokacin zafi masu kwana a can sukan kai wajen 1,500, ban da masu zuwa da safe su koma da yamma. Idan aka waiwaya baya kuma, wajen shekarar 1900 mazaunan sun kusa 800, da makarantu huɗu. Yau firamare ɗaya ce ta rage. Wurin ya yi suna fiye da kowane lokaci a tarihinsa, mutanensa kuma ba su kai sulusin na wancan zamani ba. Wannan nazari yana bin diddigin yadda aka yi noma ya ja baya, yawon buɗe ido ya karɓi ragama, da abin da sauyin ya jawo wa ƙaramar hukumar da ke riƙe da tsibirin.

Sai an fahimci ƙasar kafin a fahimci mutanenta. Pelee bai wuce murabba'in kilomita 42 ba, shimfiɗaɗɗe ne, babu tudun kirki, kuma shi ne wuri mafi kudu da mutane ke zaune a duk faɗin Kanada. Ruwan tafkin da ya kewaye shi yakan riƙe ɗumi har bayan zafi ya wuce, shi ya sa sanyin da ke ƙona shuka yake makarar zuwa. Ana samun lokacin noma mai tsawo, ana kuma samun tsirrai da dabbobin da ba a saba gani a sauran Kanada ba. Amma babban abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne cewa wani babban ɓangare na tsibirin ƙirƙirarsa aka yi. A da tsakiyarsa fadama ce mai ruwa kwance, da 'yan tuddan dutse a gefe. A shekarun 1880 Lemuel Brown da wani likita daga Cincinnati, Dokta John Scudder, suka ɗauki aikin busar da ita: aka haƙa magudanai, aka tayar da jinga, aka kafa injinan zuƙe ruwa masu aiki da tururi. Har yau wasu gonakin suna ƙasa da saman ruwan tafkin. Mai tafiya a keke zai ga dogayen magudanai miƙe sambal a gefen hanya, ruwan ciki kore ba ya motsi, har su dangana da ɗakin famfo a bakin gaɓa, inda ake ɗaga ruwan a zuba shi a tafki. Ranar da waɗannan injina suka yi dogon shiru, fadama za ta dawo ta karɓi abinta.

Wannan busasshiyar fadama ce ta ciyar da mutum 800. An yi noman inabi tun 1866, lokacin da wasu mutane daga Kentucky suka kafa Vin Villa, wadda ake ɗauka a matsayin masana'antar giyar inabi ta kasuwanci ta farko a Kanada. Da inabi ya faɗi a farkon ƙarni na 20, taba ta maye gurbinsa. Ga kamun kifi, ga fasa dutse. Duk sana'o'i ne masu cin hannuwa: ganyen taba sai an tsinke shi, an ɗaure, an shanya, kuma iyali guda ba sa iya gamawa ba tare da 'yan ƙodago ba. Da aka koma waken suya da alkama da masara, tarakta da injin girbi suka shigo, sai ya zama mutum biyu ko uku suna nome filin da a da yake riƙe da gidaje goma. Wannan ba a Pelee kaɗai ya faru ba, haka karkarar Amurka ta Arewa gaba ɗaya ta zube. Bambancin tsibiri shi ne, ɗan manomin da gona ta daina buƙata ba shi da damar ya sami aiki a masana'antar garin da ke kusa ya riƙa dawowa gida da dare. A babban tudu, wato can ƙetaren ruwa, mota ce ta ceci ƙauyuka da yawa daga mutuwa. A nan ruwa ya raba, wanda ya sami aiki a Windsor ko Leamington sai ya kwashe kayansa. Don haka ba daidai ba ne a ce baƙi ne suka kori 'yan gida. Gidajen sun riga sun fara zama kango kafin baƙi su yi yawa.

Baƙin kuwa ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Na farko maharba ne. Tun 1932 ake gudanar da farautar fezan, wani tsuntsu dangin zabo mai doguwar wutsiya, a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Hukumar tsibirin ce ke sayar da lasisin farauta, ta kuma shafe shekaru tana kiwon tsuntsayen da kanta tana sakinsu, kuɗin yana shiga baitulmalinta. Magidanta sukan ba da hayar ɗakuna, mata su dafa wa maharba abinci, a samu abin shiga hunturu da shi. Sai inabi ya dawo wajen 1980, kamfanin Pelee Island Winery ya dasa ɗaruruwan eka, ya kuma gina rumfar karɓar baƙi, ko da yake a Kingsville, can ƙetaren ruwa, ake sarrafa amfanin. Wannan ƙaramin bayani yana da nauyi: gonar tana tsibiri, ayyukan da ake yi shekara zagaye suna babban tudu.

Rukuni na uku su ne masu kallon tsuntsaye, kuma su ne suka fi sauya sunan tsibirin a idon duniya. Pelee yana kan hanyar da ƙananan tsuntsaye ke bi idan za su tsallaka tafkin Erie, suna dawowa daga kudu a watan Mayu, suna komawa a Satumba. Gajiyayyen tsuntsun da ya kwana yana tashi a kan ruwa, ƙasar da ya fara gani nan yake sauka. A Fish Point, wani siririn harshen yashi da ke kudancin tsibirin, ma'aikatan cibiyar lura da tsuntsaye da aka kafa a 2003 sukan kafa raga mai laushi tun da asuba. Su ciro tsuntsun da bai fi babban yatsa girma ba, su auna fiffikensa, su ɗora shi a sikeli, su saƙala masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su buɗe hannu ya tashi. Marubuciyar nan Margaret Atwood da abokin zamanta marigayi Graeme Gibson sun daɗe suna da alaƙa da tsibirin, kuma bikin Springsong da ake yi kowane Mayu ya jawo masu karatu da masu tsuntsaye wuri guda. Amfanin wannan ga tattalin arzikin wurin a fili yake: ya buɗe kasuwa tun Mayu, makonni kafin masu wanka a gaɓa su iso, kamar yadda farauta ke ja ta zuwa Nuwamba.

Duk wannan a wuyan jirgin fito yake rataye. Daga Leamington ko Kingsville tafiyar awa ɗaya da rabi ce, akwai kuma hanyar Sandusky a jihar Ohayo ta Amurka a lokacin zafi. Jirgin Jiimaan ya fara aiki a 1992, yana ɗaukar fasinja wajen 400 da motoci, shi ne ya sa zuwa tsibirin da mota ya zama abu mai sauƙi. A 2019 aka ƙara da Pelee Islander II, wanda aka ƙera a ƙasar Chile. Gwamnatin lardi ce ke ɗaukar nauyin wannan sufuri, domin kuɗin tikiti ba zai taɓa biyan sa ba. A cikin jirgin ne ake ganin tsohon tattalin arziki da sabo kafaɗa da kafaɗa: babbar motar hatsi tana jiran wuri, ga motar masu hutu da kwale-kwale ɗaure a samanta, ga kekuna jingine da bango. Wurin kuma ƙayyadadde ne. Manomin da ke son fitar da wakensa da ɗan gari mai ganin likita suna neman gurbi ɗaya da baƙon da ya yi rajista tun watanni. Idan iska ta tashi, ko jirgi ya lalace, kowa ya tsaya. A Oktoban 2012 Jiimaan ya maƙale a yashi kusa da Kingsville, fasinjoji suka kwana a ciki.

Daga Disamba zuwa wajen ƙarshen Maris jirgin fito yakan tsaya saboda ƙanƙara, sai ƙaramin jirgin sama daga Windsor. Shi ke kawo mutane da wasiƙu da kayan miya. 'Yan tsibirin ba su manta da Janairun 2004 ba, lokacin da wani ƙaramin jirgi ya faɗa tafkin jim kaɗan da tashinsa, mutum goma suka rasu. A waɗannan watanni yawancin gidajen abinci da masaukai a rufe suke. A nan ne ake gane ainihin yawan mutanen Pelee, a nan ne kuma, a ganina, ya kamata a auna ko yawon buɗe ido ya yi wa wurin rana.

Ba za a ƙi faɗin alherinsa ba. Ba don baƙi ba, da wuya gwamnati ta kashe miliyoyin daloli kan sabon jirgi saboda mutum ɗari biyu da 'yan kai. Harajin da masu gidajen hutu ke biya, da yawansu Amurkawa daga Ohayo da Mishigan, yana taimakawa wajen gyaran hanya da famfunan da ke hana gonaki nutsewa, alhali su ba sa sa yara a makaranta, ba sa neman komai a hunturu. Watannin baƙi su ne kakar 'yan tsibirin: abin da aka tara daga Mayu zuwa Nuwamba shi za a ci har jirgi ya dawo.

Sai dai irin wannan arziki yana da iyakar abin da yake iya ginawa. Aikin da yake bayarwa na wata biyar ne ko shida, albashinsa kuma ba mai yawa ba ne. Ɗalibi mai neman kuɗin hutu zai karɓa, magidanci mai yara uku ba zai dogara da shi ba. Gida kuwa, idan tsoho ya rasu magada suka sa shi a kasuwa, mai sayensa galibi ɗan birni ne da ke son wurin hutawa, ko mai niyyar ba da shi haya kwana-kwana. Kuɗin da zai samu a mako ɗaya na Yuli ya fi abin da ma'aikacin gidan abinci zai iya biya a wata. Sakamakon shi ne mai masauki yana neman ma'aikata, ma'aikatan kuma ba su da inda za su kwana. Ga batun karatu: yaro ya gama firamare, ko dai ya tsallaka ya zauna a gidan wasu, ko ya yi karatu ta intanet, ko iyayen su tattara su bi shi. Da yawa na ukun suke zaɓa, kuma wanda ya tafi saboda sakandaren ɗansa ba kasafai yake dawowa ba sai ya yi ritaya. Haka ake wayar gari mazauna hunturu yawancinsu dattawa ne, su ne 'yan kwana-kwana na sa kai, su ne 'yan majalisar hukuma, su ne masu shirya biki. Mutum ɗaya ya yi rashin lafiya, ayyuka uku su tsaya.

Akwai wata taƙaddama da ta fi wannan zurfi, wato ta ƙasa. Ƙungiyar Nature Conservancy of Canada ta sayi filaye masu yawa a tsibirin, tana mayar da wasu gonakin dausayi da ciyawar asali. Hujjarta mai ƙarfi ce: akwai wani maciji mai launin shuɗi-shuɗi wanda a duk Kanada a Pelee kaɗai ya rage, ga tsirran da ke fitowa a kan shimfiɗar dutse ta Stone Road, ga tsuntsayen da baƙi ke biyan kuɗi su gani. Amma a wajen iyalin da kakanninsu suka yi gumi wajen korar ruwa daga wannan ƙasa, ganin ana mayar da shi da gangan ba abu ne mai daɗin haɗiya ba. Ban da zafin zuciya, akwai lissafi. A dokar Ontariyo wasu filayen da aka keɓe don kiyaye halittu ana yafe musu harajin ƙasa, kuɗin kula da magudanai kuwa ba ya raguwa. Ni ina ganin masu kiyayewa sun fi gaskiya a dogon zango, domin waken suya ana noma shi ko'ina, abin da Pelee ke da shi wanda wasu ba su da shi kuwa shi ne waɗannan halittu. Amma idan ƙasa baki ɗaya ce ke cin moriyar adana su, bai kamata a bar wa hukumar mutum 230 giɓin kuɗin ba.

Tafkin da ya yi wa tsibirin komai shi ma ya fara zama abin tsoro. Yammacin Erie ba shi da zurfi, yana saurin ɗumama, kuma takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, musamman ta kogin Maumee a Ohayo, yana haifar da gansakuka mai guba a ƙarshen lokacin zafi. A Agustan 2014 ta hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo a birnin Toledo, a wannan watan kuma aka gargaɗi mutanen Pelee kan shan ruwa da wanka a tafki, daidai lokacin da masaukai suka cika. A 2016 Kanada da Amurka suka amince su rage sinadarin fosforas da ke shiga wannan ɓangare da kashi 40 cikin ɗari, amma yawancin gonakin da ke zubo shi suna wata ƙasa, 'yan tsibirin ba su da ƙuri'a a can. Sai 2019, ruwan tafkin ya yi hawan da ba a taɓa rubuta irinsa ba, igiya ta riƙa cin gaɓa da hanyar da ta zagaye tsibirin. Zuba duwatsun kare gaɓa aiki ne na miliyoyi, wanda harajin gida ba zai ɗauka ba.

Shekarar 2020 ta nuna inda raunin yake. Da aka rufe iyakar Amurka a watan Maris saboda cutar korona, jirgin Sandusky ya tsaya, masu gidajen hutu na Ohayo suka kasa zuwa gidajensu. Manoma sun yi shuka sun yi girbi kamar kullum, masu dogaro da baƙi kuwa suka zauna jiran hukuncin da ake yankewa a Ottawa da Washington. Abin da Pelee ke buƙata yanzu, a fahimtata, ya wuce tallan jawo ƙarin baƙi a Yuli, tunda a Yuli jirgi cike yake zuwa. Gidajen haya na shekara zagaye ake buƙata, waɗanda doka za ta hana a mayar da su masaukin kwana-kwana, da intanet mai ƙarfin da zai bar mai aikin ofis ya yi aikinsa daga tsibirin a Fabrairu, da tabbacin sufurin hunturu da uwa mai jariri za ta amince da shi. A gari mai mutum 230, iyalai goma masu ƙananan yara sun isa su sauya lissafin makarantar da na 'yan kwana-kwana, kuma kuɗin samar musu da matsuguni bai kai ko kusa da kuɗin jirgin fito ɗaya ba.